Ranar da Tsohuwa Ta Ƙi Tashi

Ka taɓa ganin mutumin da gidaje ɗari biyu da goma sha huɗu ke jira kafin a kai ruwa baki? A garinmu Kuala Sebayan, a gaɓar Sarawak, Pak Rambli ɗan Seruji ne wannan mutumin. Sana'arsa fito, yana tsallakar da mutane kogi a kwale-kwale, sawu ashirin a rana, ranar kasuwa talatin. Ba mai yawan magana ba ne, sai fa in ka taɓo masa zancen albarushi. Yana da bindigogin toka biyu masu ɗuri ta baki, kowace da takardarta ta 'yan sanda, kuma ko tsuntsu bai taɓa harbi da su ba sai gwangwani. Sannan ga ƙaramar igwar tagulla da ya gada a wurin kakansa, tsawonta taƙi biyar, nauyinta kilo talatin da takwas. Kowa a gari Tsohuwa yake ce mata.

Aikin Tsohuwa na azumi ne. Garin a miƙe yake a bakin ruwa, kilomita uku, ga gidaje arba'in da ɗaya a tsallake. Gangar masallaci ba ta kai wa kowa, balle muryar ladan. Saboda haka ranar da aka ga wata sai a ɗauki igwar a kai ta rumfar da ke kan tudun bayan masallaci, matakala sittin da uku, ta zauna can har Sallah. Kullum bayan la'asar Pak Rambli zai ɗaure kwale-kwale ya hau da bokitin ruwa da gwangwanin albarushi da sandar ɗuri. Ya goge cikinta da jiƙaƙƙen tsumma, ya bi da busasshe, ya auna albarushi da guntun gora, ya cusa zaren kwakwa ya danna, ya sa lagwani a 'yar hudar baya. Babu harsashi, ƙara kawai ake so. Rana na faɗuwa ya kunna, gari ya sha ruwa.

Ba mai biyansa. Kowane harbi dai yakan yi masa tsaga a jikin ginshiƙin rumfar, kuma an ƙirga: ɗari bakwai da sittin da uku cikin shekara ashirin da shida. Sau huɗu kacal ta ƙi tashi.

Sai ga shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina. Kwana goma sha ɗaya ana ruwa ba a ga rana ba, gishiri ya narke a kwano, ashana ta daina kamawa. Shi ma Pak Rambli ya ba sittin baya, matakalar da yake hawa a tashi ɗaya yanzu sai ya huta sau uku. Don kare albarushin daga raɓa sai ya binne gwangwanin cikin durom ɗin shinkafar matarsa, Mak Norsiah.

"Abang," in ji ta, haka take kiran mijinta, "ranar da tukunyata ta tashi sama, ka san wanda za a tambaya."

"Ai a rufe yake."

"Gwiwarka ma a rufe take, amma tun daga nan nake jin ta tana kuka kamar ƙyauren kicin. Ka bar wa wani abin nan mana."

"Wa? Duk masu so ƙarar suke so, ba wankin ba."

Duk da shinkafar, ranar tara ga wata Tsohuwa ta yi shiru. Ranar goma sha bakwai ta sake. Mutanen tsallake suka zauna da abinci a gaba har duhu ya fara shiga, washegari duk wanda ya shiga kwale-kwalen Pak Rambli sai ya yi masa tsiya.

Haji Sapawi, shugaban kwamitin masallaci, shi ya kawo masa saƙon. Sa'annin juna ne, gaban malami ɗaya suka yi karatu, don haka bai yi kwana-kwana ba. Ya ce wani ɗan gari da ke aiki a birni ya aiko wa masallaci jiniya mai batir, tana cikin kwalinta tun bara. Kwamiti ya yanke: in igwa ta sake ƙi a azumin nan, sau na uku ke nan, za a ɗaura jiniyar, Tsohuwa ta sauka.

"Jiniya? Ta gobara?"

"Ba ta jin sanyi, Rambli. Taka kuwa ta fi uwar matata jin sanyi."

Ranar ashirin da uku ga wata Haji ya hau tudun da kansa, da agogo a hannu da lema, yana haki. Mak Norsiah ta biyo su da faten shinkafa mai yaji da ruwan kwakwa na mutum uku. Ana yayyafi. Pak Rambli ya yi komai yadda ya saba, bai ƙara ba bai rage ba. Ƙarfe shida da minti arba'in da bakwai Haji ya ɗaga hannu, ya kunna.

Lagwanin ya ci har ya shige huda. Wani siririn hayaƙi ya fito, sai shiru.

Pak Rambli ya ja baya taku biyar, ya zauna a kan kututture, ya soma: "Ɗaya. Biyu. Uku."

"Me kake yi haka?" in ji Haji.

"Ɗari uku. Shida. Bakwai."

Dokar kakansa ce: igwar da aka sa wa wuta ta ƙi tashi, ba a taɓa ta sai an ƙirga ɗari uku a natse, domin wuta takan laɓe a ciki tana ci a hankali. Ƙanen mahaifinsa ya taɓa tsayawa a casa'in, ya ƙare rayuwarsa da hannun hagu yake cin abinci. Kowa a gari ya san labarin, har Hajin.

Haji ya dubi agogo, ya dubi tsallake inda fitilu suka fara haske. Ya sassauta murya. "Rambli, ji nan. Sa wani lagwanin yanzu. In ta tashi cikin minti ɗaya, ni ban ga komai ba, ban ƙirga ba. Wa zai sani?"

Ga lagwani biyu busassu a aljihun Pak Rambli, ya naɗe su cikin leda. Taku biyar ne. Yanzu idanunsa suka ga hayaƙin ya mutu, kuma zuciyarsa ta gaya masa sau tara cikin goma babu komai a ciki. Ya tuna shekara ashirin da shida, ya tuna ginshiƙin. Har ya kai hannu aljihu.

"Arba'in da ɗaya," ya ce, ya sauke hannun a kan gwiwa.

"Kai dai taurin kai gado ne a gidanku! Ba ni, in sa da kaina."

Haji ya nufi igwar. Pak Rambli bai tashi ba, sandar ɗuri kawai ya miƙa ta tare gabansa.

"Haji, ka je Makka da yatsu goma, ka bari a binne ka da goma. Hamsin da takwas."

"Mutane na jin ƙishirwa!"

"To sauka ka sa a buga ganga. Na kusa su ji su gaya wa na nesa."

"Haji, karɓi ruwan kwakwa tukuna," in ji Mak Norsiah. "Lokaci ya yi ko ta yi magana ko ba ta yi ba. Wannan kuwa sai ya gama, shekara talatin da takwas ina fama."

Haji ya kurɓa sau ɗaya, ya sauka yana faɗa. Can aka ji ganga. Mak Norsiah ta miƙa wa mijinta kofi, ya riƙe bai sha ba, don in ya sha lissafi zai ɓace masa. Ɗari da ashirin. Sauro ya taso. Ɗari biyu. Leɓɓansa sun bushe, muryar ta koma raɗa. Aka kira salla a ƙasa yana ɗari biyu da sittin.

A ɗari uku ya sha ruwa, ya tashi da ƙyar, ya zagaya ta gefe ya tuttula bokitin a bakin igwar, ya jira, ya kwashe cikin. Baƙin taɓo ne kawai, sanyi ƙalau. Ko ƙwayar wuta babu.

Bayan salla Haji ya tare shi a ƙofar masallaci. "To? Da wuta?"

"Babu."

"Ka gani! Da ka sa lagwanin da ta tashi."

"Wataƙila."

"A banza ka yar da abinka, Rambli."

"Yau dai babu, Haji. Sai da na ƙirga na sani."

Washegari aka ɗaura jiniya a kan hasumiya. Mutum biyu suka sauko masa da Tsohuwa, ya bi su a baya yana cewa a yi hankali da kunnuwanta. Yanzu tana ƙarƙashin gidansa a kan katako, yana goge ta duk Juma'a da lemon tsami da toka, yana harba ta in an yi biki kuma an roƙe shi, bara sau biyu. In ka tambaye shi ko ya yi da-na-sani, sai ya ce gwiwarsa dai ta gode. In ka matsa, sai ya ce ƙarar jiniyar kamar ana yanka akuya, ya ci gaba da tuƙinsa.

Masu cewa ya yi wauta suna da yawa, kuma ba ɗayansu da ya taɓa gwadawa. Kai ka gwada, ba sai da igwa ba. Ranar da ƙishirwa ta kama ka sosai, cika kofi ka riƙe a hannu, sa wani ya tsaya a kanka yana cewa ka yi sauri, sannan ka ƙirga ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Ka ga a nawa za ka tsaya.