Mahamudu Andani da Hanyar Ƙofar Gidansa

An haifi Mahamudu Andani a shekarar 1939, ko kusa da haka, a wani ƙaramin ƙauyen Dagomba da ke bayan Choggu, zamanin da mutanen wurin suke ɗaukar shiga Tamale a matsayin tafiya. Mahaifinsa Andani manomin doya da dawa ne, mahaifiyarsa Maltiti kuwa man kaɗe take yi. Wannan ƙauye shi ne unguwar da ake kira Mahamudu-fong a yau, wato Unguwar Mahamudu.

Karatu da Noma

Bai shiga boko ba. Ya yi 'yan shekaru yana karatun allo a unguwar Moshi Zongo cikin Tamale, ya dawo da izu biyu da Hausa mai kyau. A 1961 mahaifinsa ya rasu, aka binne shi a gefen gida bisa al'ada, noman gonakin da suka kewaye gidan ya dawo hannunsa. A 1965 ya auri Ayisha, wadda ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarta.

Zuwan Baƙi

Al'adar wurin a lokacin ita ce, baƙon da ke son mazauni ya zo da goro, a raka shi gaban sarki, sannan mai gona ya nuna masa da hannu: daga surin can zuwa gindin ɗorawa. Baƙo ya gina ɗakin ƙasa, ya rufe da ciyawa. Ran da ya tashi, damina biyu ta isa ta rushe ɗakin, a yi kunyar doya a kansa, doyar ma ta fi kyau.

A 1974 wani malamin makaranta mai suna Nortey, mutumin kudu, ya kawo nasa goron. Mahamudu ya nuna masa filin da ke daf da ƙofar gidansa, domin kada baƙo ya ji kaɗaici. Da ya ga ana jera bulo sai ya tambaye shi, "Ticha, wannan dutsen naka yaushe zai faɗi?" Nortey ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ba ya faɗi. Jikana ma zai kwana ciki." Mahamudu ya ɗauka cika bakin mutanen kudu ne.

Masu jawabi a taro sukan ce shi mai hangen nesa ne da ya kafa unguwa. Mai wannan rubutu ta yi maƙwabtaka da shi tun 1980, kuma ba ta ga wannan hangen ba. Abin da ta gani mutum ne da ya zaci aro yake bayarwa, ya ci gaba da nuna fili da hannu yana jiran damina ta dawo masa da shi.

Bunƙasar Unguwa

Bayan Nortey sai mahauta, da ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwar da haya ta ishe su a cikin gari. A 1996 aka kawo lantarki. Masu awon fili suka biyo baya, kowa ya sami takardarsa, kowa ya ja katanga. Ba wanda ya toshe wa Mahamudu hanya da gangan, wannan gaskiya ne. Amma duk mai gini sai ya matso da tubalinsa taki ɗaya cikin hanyar, yana ganin taki ɗaya ba komai ba ne. Hanyar da amalanke yake bi ya kawo doya har ƙofa ta zama lungu mai lanƙwasa biyu, wanda mai babur sai ya matse gwiwoyinsa yake wucewa.

Shekarun Ƙarshe

A 2009 Ayisha ta rasu. Makara ta kasa juyawa a lungun, dole aka fitar da ita a tabarma, hannu da hannu, mijinta yana kallo. Tun daga ranar bai sake maganar gona ba. Buƙatarsa ta zama ɗaya tak: a buɗe masa hanyar da makara za ta fita da shi a kan kafaɗun mutane.

Ya bi gidaje, ya je taron unguwa, ya gaida sarki fiye da sau ɗaya. Kowa ya amince shi ne uban unguwa. A 2015 ma aka kafa allo mai sunansa a bakin titi, aka yi kiɗa, aka ci shinkafa. Katanga ko ɗaya ba ta motsa ba, kuma a shekarar ce ɗansa Latif ya gina shagon gyaran waya a bakin lungun.

Gifty, 'yar marigayi Nortey wadda ta gaji gidan, takan kai masa koko da safe. Duk lokacin da ya ɗauko zancen sai ta ce, "Kai, Baba, mutuwa bai san gidanka ba. Ta ina zai shigo?" Shi kuma ya ce, "Zai shigo, 'yata, shi siriri ne. Fita ce matsala. Faɗin kafaɗar mutum biyu kawai nake roƙo."

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Agustan 2023, bayan gajeriyar jinya. Ana cikin shawarar ɗauko tabarma sai Gifty ta iso da magini da guduma, ta sa aka fasa katangar da mahaifinta ya ce ba ta faɗuwa. Makara ta ratsa tsakar gidanta, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, a kan kafaɗu, kamar yadda ya roƙa. An binne shi a maƙabartar jama'a, domin wurin da mahaifinsa yake kwance ya daɗe da zama ɗakin haya. Kafin addu'ar bakwai an mayar da katangar daidai inda take.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: Tahidu, direba a Kumasi, Maltiti, ungozoma a Kalpohin, Mudasiru, wanda ke zaune a gidan, da Latif, wanda shagonsa yana nan a bakin lungun. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.