Asabar Ɗin da Alhaji Sabo Yake Kashe Inji

Shekara tara ke nan da muka ɗauki yayana, Alhaji Sabo, daga gidanmu na Ƙofar Ran zuwa makwancinsa. Ni ne magatakardan kamfaninsa na matsar man gyaɗa tun kafuwarsa, saboda haka abin da zan faɗa ganau ne ni, ba jiyau ba.

Marigayi yana da wata al'ada da 'yan kasuwa suke yi wa dariya. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai ya sa a kashe babban inji, a kwance shi a gaban ma'aikata, injiniya ya mayar da shi yana bayani. Ranar ko kwalba ɗaya ba a tacewa. Da na ce asara ce, sai ya ce, "Bala, gwani tsuntsu ne. Ba na hana shi tashi, amma ya bar mini ƙwai."

Bayan rasuwarsa, ɗansa Nura ya soke al'adar. Na tsawata masa, ya ce, "Baba Ƙarami, zamani ya wuce wannan." Sai gwanaye suka soma tafiya, wani Legas, wani Saudiyya, kowa da iliminsa a ka. Ban ga laifinsu ba, kowa gaba yake nema. Amma yau in inji ya tsaya sai mu yi makonni muna jiran mai gyara daga Kano, dillalanmu kuma suna komawa wasu wurare. Da marigayi zai leƙo, wa zai tuhuma, masu tafiya ko mu?

Injiniya Emeka kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san cikin injin, shi ma bizarsa ta fito, zai tashi farkon wata. Ya same ni a ofis ya ce, "Baba, a gaban mutane Alhaji ya sa aka koya mini. In oga ya yarda, zan kwance shi kafin in tafi." Na kai wa Nura maganar, ya ce akwai kayan mutane da ba a tace ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce gaskiya ne, amma gora ɗaya gare mu. Har yau bai ba ni amsa ba.

Ba gini ko inji yayana ya bar mana ba, wuni ɗaya ne na shiru. Jibi ne Asabar ɗin ƙarshen wata. In na doshi kamfani na ji tsit, to Alhaji bai mutu ba. In kuwa na ji rugugin inji, ranar za mu sake binne shi. Allah Ya jiƙansa.