Rawayar da Na Ƙona wa Malam

Jiya a kasuwar Isa na ga garin ɗorawa, sai marigayi Malam ya faɗo mini a rai. A ƙarƙashinsa na yi aikin wanke gilasai a wani ɗakin bincike a Sakkwato.

Yakan yanka hanjin ɓera siriri, ya turara shi da hayaƙin sinadarin famalin mai sa ido hawaye, sannan ya sa a madubin ƙara girma cikin ɗaki mai duhu. Inda sinadarin sirotonin yake, sai wurin ya haska rawaya kamar ɗorawa. Kullum yakan ce, "Bello, hasken nan ba ya jiran kowa. Fitilar madubin na daɗewa kansa, ya tafi."

Ran nan ya fita sallar azahar, sai ga surukina daga Tozai. Don ya ɗauka ni ma masani ne, na kunna fitilar, muka yi ta kallon hanjin da Malam ya bari a madubin, har rawayar ta dushe.

Malam ya dawo, ya leƙa, ya goge tabarau, ya sake leƙawa.

"Bello, an taɓa wannan?"

"A'a, Malam."

"To, idona ne. Za ni aje aikin nan kafin in rubuta abin da ban gani ba."

Kafin damina ya koma garinsu Turba noma. Na sha kai masa gaisuwa, ban taɓa gaya masa lafiyar idonsa ƙalau ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa da hasken da ba ya dushewa. Ni kuma Ya yafe mini.