Lallen da Ya Ƙi Fita

Ni bandar kifi nake yi a Haɗeja. Tarwaɗa, karfasa, duk abin da masunta suka fito da shi daga kogi, in lanƙwasa in ɗora a wuta. Idona na hagu hayaƙi ya cinye shi. Ruwa ya ci ɗakina sau biyu, na biyun a shekarar da mijina ya rasu. Ban yi makaranta ba. 'Yata ta yi har ƙarshe, da kifin nan.

Da ta gama bautar ƙasa ta samu aiki a wani ofis a Dutse, irin wanda ake ɗaukar mutum shekara-shekara. Ta yi mini bayani, ban saurara ba. Na ji ofis, ya ishe ni. Ta saya mini babbar waya, ta koya mini inda zan danna in yi magana da inda zan danna in ga hotonta. Duk Juma'a tana ɗora sabo a shafinta. Ga tebur, ga kwamfuta, ga kati a wuya. Rubutun da ke ƙasa ban san me yake cewa ba.

Mu shida ne a rumfar banda. Wayar a bakin zanina take kwana, a nan take wuni. Duk Asabar kafin wuta ta kama sai in zagaya da ita kowa ya gani. Ba wadda ta tambaye ni.

Wadda murhunta ke kusa da nawa ƙawata ce tun muna 'yan mata. Tata 'yar ta yi difloma, aiki bai samu ba, ta dawo rumfa. Hoton kifin uwarta take ɗauka ta ɗora a waya, mutanen Kano su kira, ta ɗaure a kwali ta kai tasha. Ban taɓa barin yarinyar nan ta wuce lafiya ba.

"Sannu 'yar boko. Difloma ta ɗaure kwali, Allah ya sa albarka."

Sai ta ce, "Amin, Inna," ta ci gaba da ɗaurinta.

Uwar ce mai ramawa. "Uwar ofis, a bar mu da hayaƙinmu. Ke ma dai naki idon ba fanka ce ta cinye shi ba."

Bayan yankan shinkafa aka yi bikin ɗan ƙanena a Kafin Hausa. 'Yata ta zo. Ba ta son lalle tun tana ƙarama, ni na matsa, na kwaɓa da hannuna na ƙunsa mana mu biyu. Bai gama kamawa ba wayarta ta yi ƙara, ta fizge hannun hagu. Farcen babban yatsan ya fito gefe ja, gefe fari. Na yi mata faɗa.

Da ta ajiye wayar ta ce, "Inna, in aikin nan ya ƙare fa? In dawo gida?"

Na ce, "Ki dawo ki yi me? Ki ɗaure kwali? Ban ba da idona don ki dawo ki zauna mini a hayaƙi ba."

Ta yi dariya ta ce wasa take yi. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Hotuna suka ci gaba da zuwa. Yau shuɗin mayafi, wani makon ruwan ƙasa. Lallen hannuna yana hawa yadda lalle ke yi, fari na tsirowa daga gindin farce yana tura jan gaba. Da ruwan farko ya sauka na yanke ja na ƙarshe. Asabar ɗin nan na ciro wayar, yatsana a kan gilashin, kusa da hannunta da ke kan tebur. Nawa fari fat. Nata ja har gindi. Babban yatsan hagu gefe ja, gefe fari, kamar jiya na kwance mata.

Na koma baya, hoto bayan hoto. Mayafi ne kawai ke canjawa. Farce bai motsa ba. Ban iya karatu ba, amma na san farce ba ya tsayawa wata biyar. A mako ɗaya ta ɗauke su duka, da ta ga aikin zai ƙare, take sakar mini ɗaya-ɗaya.

Abin da na yi shi ne abin da ya sa nake wannan magana. Na rufe hannun da yatsana, na zagaya da wayar kamar kullum. Haka na yi Asabar bakwai. Ban kira ta na ce ina take kwana ba, me take ci ba. Tsorona ɗaya, bakin ƙawata.

Damina ta yi nisa, ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa, kogi ya fara hawowa gonaki. 'Yata ta turo mini murya.

"Inna, na ji ruwa ya matso. Da na zo na taya ki kwashe kaya." Ina jin numfashinta. "Amma ba za su ba ni hutu ba."

Na saurara sau uku. Izini take nema, ta kasa tambaya. Ni na haife ta, ni na rufe mata ƙofa, kuma ta gwammace ta zauna a ɗakin wata a garin mutane da ta zubar mini da abin da nake zagayawa da shi.

Washegari a rumfa ban ciro waya ba. Ƙawata ta ce, "Yau ba sinima?"

Na ce, "Babu. Aikin ya ƙare tun bayan biki. Hotunan tsofaffi ne. Na sani, na yi ta nuna muku."

Na tsaya ina jiran ƙawata ta rama na shekara guda. Ta juya kifinta kawai ta ce, "To ki kira yarinya mana, kin tsaya kamar turmi."

'Yarta tana durƙushe kan kwali. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na sani, Inna. Kullum muna waya da 'yarki. Ita ta ce kar in faɗa miki."

Tun yaushe? Tun farko. Duk ranar da na yi mata gorin difloma, ta sani, ta ce mini amin. Na ce ta yafe mini. Kalmar ta yi mini nauyi, amma ta fita.

Na danna inda aka koya mini na ce, "Ke, ki taho gida. Na faɗa musu da bakina, ba abin da ya rage. Akwai tuwo."

Ta iso da yamma, jaka ɗaya da takardunta a leda. Ta rame. Na kama hannun hagun na duba, farce fari. Ta gane abin da nake dubawa, ta sunkuyar da kai. Ni ya kamata in sunkuyar.

Har yanzu tana neman aiki. Kafin ya samu, ita ke rubuta wa 'yar ƙawata bayanin kifi a waya, wani lokacin har ta ɗaure kwali. Matasan unguwa kan tambaye ni wai wane aiki ne ya fi. Ba ni da ta cewa. Abin da na sani, in yaro ya ce zai dawo gida, a ce masa ya dawo, a yi tambaya daga baya.

Wayar tana nan a bakin zanina. Hotunan ma suna ciki, ban san inda ake dannawa a goge ba, kuma ban ce ta koya mini ba.