Ranar da Ilu ya ci sifili

Har gobe ina tuna ranar da wata madam ta zo mana daga Damagaram da takardar tambayoyi. Lokacin ni ne majo, wato babban malamin jinya, a wata likitar ƙauye cikin ƙasar Tanout. Aikin madam ɗin shi ne tantance manya masu ƙarancin fahimta, a gano waɗanda firgicin wata masifa bai sake su ba. Wanda makinsa ya hau a tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya ci sifili ya koma gida.

Na sa aka kira Ilu. Ya haura arba'in, yana noma, yana sallarsa, sai dai magana mai tsawo takan ɓace masa. Bara waccan rijiya ta rufta da wansa Sani a kan idonsa. Yayarsa Hajara ce ta rako shi.

Madam tana karantawa da Faransanci, ina juyawa. Ta gargaɗe ni kada in ƙara ko wasali, wai masana ne suka tsara.

Na ce, "Ilu, kana gudun wasu wurare?"

Ya ce, "Ni ba na gudu, Majo. Ƙafata na ciwo."

Madam ta rubuta sifili.

"Barci fa? Ba matsala, ko kaɗan, ko da yawa?"

"Alhamdu lillahi."

Sifili kuma. Haka muka sauka har ƙasan takardar. Madam ta yi murmushi ta ce da kowa kamar Ilu yake da ta gama aikinta kafin azahar.

Hajara ta gyara mayafi ta ce, "Majo, wannan takardar ta san ya bar zuwa ɗibar ruwa? Ta san sai ya kewaye gari kaf kafin ya kai gona?"

Na kife takardar na ce, "Ilu, taso ka raka ni rijiya."

Nan take ya damƙe hannun yayarsa har ta yi ƙara, zufa na keto masa. Da ƙyar ya ce, "Sani na ciki. Yana kirana."

Na yi nadamar yadda na jefa masa maganar, na zauna kusa da shi har numfashinsa ya daidaita. Madam ta juya takardarta gaba da baya, ta ce babu gurbin rubuta wannan. Na ce bayan takarda fari ne fes. A can na rubuta, na buga hatimi. Ita ma ta sa hannu a ƙarƙashin nawa. Ranar kasuwa Hajara ta kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, za a yi ta kawo muku takardu. Ku cika su, ba laifi. Amma mutumin Damergou, wato yankinmu na Tanout, ko yana kan gargara ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Ku tambayi wanda ya rako shi.