Rumbun da Baba ya fasa kafin lokaci

Mahaifina ya yi imani, har ya koma ga Allah, cewa mu Hausawan ƙasar Daura jikokin masu tsaron rumbunan Masar ne. Ba da wasa yake faɗa ba. Littafi guda ya rubuta a kai, aka buga masa a Kano da bango ruwan ƙasa. Ni ce na zauna gaban kwamfuta a Daura, inda nake aure, na buga masa shi tun daga bismilla, yana tsaye a kaina yana gyara mini abin da ban ɓata ba.

Malamin firamare ne a ƙauyenmu kusa da Zango, ya yi ritaya da tabarau mai kauri da taurin kai wanda ya fi tabarau ɗin kauri. Hujjarsa ta fito ne daga ƙissar Annabin nan da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, wanda ya fassara mafarkin sarkin Masar, ya ba da shawara a yi noma shekara bakwai a bar hatsin a zangarniyarsa, kada a sussuke, saboda yunwar da ke tafe. To, in ji Baba, su wa suke ajiye gero haka har yau? Mu ne. Mu ɗaure dami, mu jera a rumbu da zangarniyarsa, mu liƙe bakin da laka. Daga nan sai ya kwaso ma'aikatan rumbunan Masar a littafinsa, ya ratso hamada da su, ya sauke su a Daura. Duk inda ya ga babu hanya, shi da kansa yake share musu.

Ni dai ban taɓa yarda ba, kuma ya sani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma yakan ce har taurin kanta na gada. Amma ina son ganin fuskarsa idan yana bayani. Mutum mai furfura ya koma yana rawar jiki kamar ango.

Babban abokin musunsa shi ne limamin ƙauyenmu, abokinsa tun suna yara, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da namu. Kullum bayan la'asar suna ƙarƙashin dalbejiya suna abu ɗaya.

"Malam," in ji Liman, "ƙissar gaskiya ce, rumbu ma ga shi muna gani. Igiyar da ka ɗaure su da ita ce ban san inda ka samo ba."

Wata rana da musun ya yi zafi, Liman ya ƙara da cewa ai geronmu ma ba zai yi shekara bakwai a rumbu ba, gara da ƙwaro za su gama da shi. Wannan magana ita ta jawo mana aiki. Da kaka ta yi, Baba ya sa aka gina sabon rumbu a bayan gida, a kan duwatsu. Aka zuba toka a ƙasa, aka jera damman gero mafi kyau da gonarsa ta bayar, aka liƙe baki a gaban Liman. Baba ya ce ba mai taɓa shi sai shekara bakwai ta cika, ranar zai rubuta babin ƙarshe a sake buga littafin.

Mahaifiyata, Inna, ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Mutane na ajiye hatsi don su ci, kai kana ajiyewa don musu."

Haka rumbun ya zama ɗan gida. Kafin kowace damina sai an sake masa jinka, ko da ɗakin Inna na yoyo. Da safe Baba zai zagaya ya duba ƙafafunsa ko gara ta fara gini, ya ƙwanƙwasa cikinsa ya kasa kunne. Lokacin bikin ƙanena Inna ta roƙe shi 'yan dammai na masa da kunu, ya ce gara ya sayar da rago. Ya kuwa sayar. Raina ya ɓaci ranar, na ce masa rumbu ya fi mu gata a gidan nan. Ya yi dariya ya ce ai rumbu ba ya mayar masa da magana.

Shekara shida ta wuce haka. A daminar ta shida ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, mutane suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Gidanmu da sauƙi, akwai fanshon Baba, mu ma 'ya'ya muna aiko da abin da ya samu. Liman kuwa da zakkar hatsi da ɗan abin gonarsa yake riƙe gida, ga jikoki marayu a gabansa. Wanda bai girbe ba, me zai fitar?

Da damina ta sake zagayowa, abinci ya ƙare wa mutane tun sabon gero bai kai gwiwa ba. Na zo gida wata Asabar, muna zaune a tsakar gida da hantsi, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce in saurara. Na ce ban ji komai ba.

"Shi nake nufi," in ji ta. "Kwana biyu ban ji turmi a gidan Liman ba."

Ta ce ta aika musu da kwano, an dawo da shi da godiya, wai sun riga sun ci. Liman ba zai karɓa ba, musamman daga gidan abokinsa. Baba yana gefe a kan buzu da tabarau a hanci, kamar yana karatu. Na lura shafin bai juya ba.

Bayan azahar ya ce in aika a kira masa maƙwabta, a zo da tsani da fartanya. Na gane, kuma abin mamaki ni ce na hana. Ni da ban yarda da littafin ba, na bi shi har bayan gida ina cewa, "Baba, saura kaka ta zo fa. Ka yi haƙurin shekara shida, 'yan watanni ne za su gagare ka? Bari mu sayo buhu mu aika musu."

"Zai dawo da buhun, Uwata. Na san shi tun ba shi da gemu."

Da mutane suka taru ya aika a ce wa Liman ya zo ya yi shaida. Liman ya zo, rigarsa ta yi masa yawa. Ya dubi tsani, ya dubi Baba, ya ce, "Malam, ai bakwai ba ta cika ba."

"Na gaji da jira," in ji Baba. "Ko tsoro kake ji a buɗe?"

Wani maƙwabci ya hau ya sauke jinka, ya fasa lakar. Ƙanshin tsohon gero ya sauko mana. Aka miƙo damin farko, launinsa ya dusashe amma bai rududduge ba. Baba ya murje zangarniya a tafinsa, ya hure, ya ciji ƙwaya, muka ji ƙas. Ya miƙa wa Liman sauran.

"Kallo ba zai wadatar ba," ya ce wa jama'a. "Kowane gida ya ɗauka, a surfa, a tuƙa, a zo a faɗa mini gaskiya. Kai kuwa Liman, tunda kai ne shugaban masu musu, naka ya fi na kowa. Sai ka ci har kaka kafin in karɓi shaidarka."

Liman ya daɗe yana kallon ƙwayoyin da ke hannunsa, sannan ya ja bakin rawani ya goge ido, ya ce ƙaiƙayi ne. Kafin la'asar muka jiyo turmi ta bayan katanga. Inna ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Bayan kaka Liman ya kawo shaidarsa a ƙarƙashin dalbejiya. Ya ce tuwon ya yi daɗi, furar ma haka, amma maganar Masar har gobe bai yarda ba. Baba ya yi dariya har da tari.

Ya zo Daura mu buga babin ƙarshe, lokacin ƙafa ta fara yi masa nauyi, a zaune ya yi mini shifta. Na tambaye shi ko zai sake cika rumbun a fara sabon lissafi. Ya girgiza kai, ya ce ba ya jin yana da wasu shekaru bakwai a gaba. Ya faɗa a hankali, kamar mai maganar ruwan bana. Da muka zo layin da za a faɗi shekarun da geron ya yi, na tsayar da hannu. Zuciyata ta karye, don na san wannan layin ya yi shekaru yana jira.

"Baba, mu sa bakwai mana. 'Yan watanni ne suka rage, wa zai ƙirga?"

"Liman zai ƙirga," in ji shi. "Ni ma haka. Sa shida, Uwata."

Na sa shida. Haka aka buga littafin, kuma Baba bai kai wata daminar ba.