Sammani Mai Tasar Zomaye

Kafin rana ta ɗaga, Sammani ya gama yankan ciyawa a fadamar Safana ya nufi rumfar da likita Bature ke gwajin magani. Zomaye ne a keji, kowanne da tasa a ƙarƙashinsa. Likita ya yi musu allurar sabon maganin tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini, shi kuwa Sammani ya tara fitsarinsu ya kai a auna, don a san ko maganin na taɓa ƙoda. Mahautan kasuwar Batsari suka naɗa shi Sarkin Fitsari. In ya miƙa hannu, wasu sai su ɓoye nasu cikin riga. Murmushi yake yi, ya je ya sake alwala.

Yanzu da Turawan ke naɗe kayansu, shi ma tsufa ya sallame shi, lokaci ya yi da za a faɗi abin da mutanen ƙauyensa Yasore suka shaida.

Yana da ɗiya ɗaya tilo, Bara'atu. Tsargiya ta cinye ta har zane ba ya zama a ƙugunta. Likita ya yi masa alkawari: in zomayen suka wuce makon nan lafiya, ita za a fara yi wa allurar, sannan sauran yaran Yasore da Ruma.

Ranar Alhamis ya tarar da wasu tasoshin a bushe ƙamas, zomayen sun kumbura. Babu kowa a rumfar. Da ya ɗiba daga tasar masu lafiya ya zuba, wa zai sani? Sai ya ɗauki busasshiyar tasa ya kai wa likita. A ranar aka janye maganin.

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, saboda zomo ka hana ɗiyarka magani?"

Ya ce, "Tasalla, ba ita kaɗai ke layi ba. In ƙodar 'ya'yan mutane ta tsaya, me zan ce wa Allah?"

Bara'atu ba ta ga damina ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: Tasalla ta yafe wa ciwon, amma ta daɗe ba ta yafe wa mijinta ba. Washegarin sadakar uku ya koma yankan ciyawa.

Sammani, kai ne ka riƙe amana ranar da amana ta fi wuta zafi. Har yau ba ka sani ba, da an yi mata allurar, ko kashe ta za ta yi ko tashe ta, kuma wannan rashin sanin ne ke sa ni hawaye. Mun gode. Allah ya haɗa ka da ita a Aljanna.

Ku kuma yaran layin nan da kuka jira har gyararren magani ya zo, yau ga ku da iyali. Ku riƙe taku amanar kamar yadda ya riƙe. In kun gan shi a kasuwa, ku fito da hannunku daga riga.